Darasi Na 14: Adon Kek, Da Inda A Ke Samo Zane

A darasin da ya wuce mun koyi yadda a ke kwaɓa kek, da yadda a ke gasa shi cikin tukunya da yashi a bisa gawayi, domin wanda ba shi da tandar zamani. Yau kuma za mu koyi yi masa ado. Ku karanta a hankali. Inda ku ka ga awo, ku rubuta shi a littafinku, don kada ku manta.

1. LABARIN KEK BIYU

Da bazarar bara na je buki biyu a nan ƙasar Bena. A na farkon, tun daga birni mai nisa a ka ɗauko kek ɗin amarya. An biya kuɗi masu yawa. An ce sa'ad da ya bar hannun mai yinsa yana da furanni irin na Turai kewaye da shi. Amma ya wuni cikin mota, ga rana, ga gargadar hanya. Ko da a ka buɗe kwali, sai a ka tarar furannin sun narke, sun gangaro gefe, sunan amarya kuwa ba ya karantuwa. Uwar amarya ta rasa inda za ta sa kanta don kunya.

A na biyun, wata mata ce 'yar ajinmu ta yi kek ɗin a gidanta. Fari ne fat, adonsa ya bushe ƙam, rana ba ta yi masa kome ba. Ba ta sa fure ko ɗaya ba. Sai ta kewaye bakinsa da wani zane mai kamar haƙoran zarto, tsakiya kuwa ta yi tauraro mai tsini takwas. Da a ka fito da shi, wata tsohuwa ta matso, ta ƙura masa ido, ta ce, "Ke 'yar nan, ai wannan zanen ƙwaryar aurenmu ne! Ina ki ka samo shi?" Ta ce, "Inna, a jikin ƙwaryar uwata na gani." Kafin a watse, mutum uku sun ce ita za ta yi musu na bukinsu.

To, mene ne ya raba waɗannan kek biyu? Abu biyu ne. Na ɗaya, matar nan ta san irin adon da zai jure zafin ƙasarmu. Na biyu, ta san inda za ta duba ta samo zane. Waɗannan su ne darasinmu na yau.

2. ADO BA BAƘO BA NE GARE MU

Kada wani ya ce yi wa abinci ado al'adar Turawa ce kaɗai. Ku tuna da kayan gara. Mai alkaki ba ta jefa shi cikin mai haka kawai, sai ta naɗe shi. Mai dubulan ta kan ɓata lokaci tana lanƙwasa shi har ya yi kyaun gani. Ko tuwo ma, mace mai tsabta ta kan mulmula shi da mara ya yi sumul kafin ta kai wa baƙo. Ido shi ke fara ci kafin baki.

Kek ne dai baƙo. Su Turawan ma ba da daɗewa su ka ƙware ga adonsa ba, gama da can farin sukari abu ne mai tsada, sai gidan masu hali. A shekarar 1840, da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi aure, an lulluɓe kek ɗin bukinta da farin sukari mai bushewa da ƙarfi. Daga nan irin wannan ado ya ƙara yin suna, har a ke kiransa adon sarauta. Za ku ga yadda a ke haɗa shi nan gaba kaɗan.

3. KAYAN AIKI

Ba sai kun sayi kaya masu tsada ba. Ga abin da a ke bukata:

Wuƙa mai faɗi, wadda ba ta da tsatsa.
Kwano mai zurfi, da muciya ƙarama ko cokalin katako.
Rariya mai laushi.
Tire, ko katako mai faɗi wanda a ka lulluɓe da takarda mai tsabta.
Leda sabuwa mai kauri, ko takardar gashin kek.
Tsinken sakace sabo, da zare, da almakashi.
Tsumma mai tsabta, wanda ba a wani aiki da shi.

Babban abin aiki shi ne garin sukari mai laushi kamar hoda, wanda masu kanti ke kira aisin shuga. In ba a same shi ba, a daka sukari a turmi busasshe wanda bai taɓa ganin barkono ko daddawa ba, a tankaɗe, a maimaita, har in an murza shi tsakanin yatsu ba a jin tsakuwa. A kowane kofi guda a zuba cokali ɗaya na farin garin masara mai laushi, don kada ya dunƙule.

Kada a shimfiɗa jarida a ƙarƙashin kek. Tawadarta ba abin ci ba ce. Kafin a fara aiki kuwa a yanke farce, a wanke hannu da sabulu, a ɗaure kai.

4. IRIN ADO UKU

Na ɗaya, kirim ɗin bota. A auna bota giram 250, da garin sukari giram 500, watau kashi ɗaya na bota, kashi biyu na sukari. A buga botar ita kaɗai har ta yi haske, sa'an nan a riƙa zuba sukarin kaɗan kaɗan ana bugawa. Daga ƙarshe a sa madara cokali biyu. Wannan ya isa a rufe kek mai faɗin inci 8, bisa da gefe. Yana da daɗi ƙwarai, yana kuma da sauƙin shafawa. Amma ga aibinsa: bota ta kan fara narkewa tun zafi bai kai awo 35 ba, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafi ya kan kai awo 40. Saboda haka wannan adon na lokacin hunturu ne, ko na kek da za a ci nan take cikin gida. Shi ne ya kunyata uwar amaryar da na ba ku labari.

Na biyu, adon farin ƙwai, watau adon sarauta. A fasa ƙwai biyu, a raba farin da gwaiduwa. A lura, ko ɗigon gwaiduwa ko maiƙo ya shiga, ba zai tashi ba. A kaɗa farin har ya yi kumfa, a riƙa zuba garin sukari giram 450 sannu sannu, a ƙara ruwan lemun tsami ƙaramin cokali ɗaya. A yi ta bugawa har in an ɗaga muciya tsinin da ya biyo ta ya tsaya bai faɗi ba. Wannan ba ruwansa da rana, gama ba maiƙo cikinsa. Ya kan bushe ya yi ƙarfi, shi ne kuma ya fi kyau ga zane mai siririn layi. Sai dai ɗanyen ƙwai ne, saboda haka a nemi sabon ƙwai mai tsabta wanda bai tsage ba. In kek ɗin na ƙananan yara ne, ko mai ciki, ko majiyyaci, gara a yi na ukun.

Na uku, adon ruwa. Garin sukari giram 250, da ruwan da a ka tafasa ya huce cokali biyu ko uku, da ɗan lemun tsami. A dama har ya yi kaurin zuma. A kwarara bisa kek, a bar shi ya malala da kansa. Ba ya riƙe tsini, amma yana rufe kek sumul, shi ne kuma mafi araha.

Akwai wani na huɗu, mai kamar ƙulli, wanda a ke murzawa da kwalba a shimfiɗa bisa kek kamar zane. Masu kanti na sayar da shi a haɗe. Da damina ya kan yi gumi ya riƙa danƙo. Ku bar shi sai hannunku ya faɗa.

Ku riƙe wannan: da bazara, farin ƙwai ko adon ruwa. Da hunturu, kowanne ya yi, amma a rufe kwano da jiƙaƙƙen tsumma, don iska tana busar da shi nan da nan. Da damina, a ba shi lokaci mai tsawo kafin ya bushe, kada a yi aikin ranar buki.

5. LAUNI

Launin da a ke sa wa abinci daban ya ke, ana sayar da shi cikin 'yan kwalabe, an rubuta a jiki cewa na abinci ne. A karanta kafin a saya, a duba ranar lalacewarsa, da lambar hukumar NAFDAC. Da tsinke a ke ɗiba, ba da cokali ba. Ana iya ƙarawa, amma ba a iya ragewa.

Akwai kuma launi a cikin gida. Zoɓo, in an dafa shi da ruwa kaɗan ya yi kauri, yana ba da ja-ja. Lemun tsami na ƙara masa haske, kanwa kuwa tana ɓata shi. Kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, yana ba da rawaya, amma kaɗan a ke sawa don ɗanɗanonsa na da ƙarfi. Garin koko irin na cakulan yana ba da launin ƙasa.

Yanzu ga gargaɗi, ku karanta shi sau biyu. Kada a kuskura a sa galura, ko shuni, ko fenti, ko baƙin lalle, ko kwalli a jikin kek, ko da ɗigo ɗaya ne. Galura ta tufafi ce. Baƙin lalle a kan haɗa shi da sinadarin rinin gashi. Kwalli kuwa sau da yawa akwai dalma cikinsa. Kun dai ji abin da gubar dalma ta yi a maƙwabtanmu a shekarar 2010, sa'ad da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum, ta hanyar niƙan duwatsun zinariya. Wanda ya ba ku aiki, ran baƙinsa ya danƙa muku.

6. SHAFE

Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Maginiya ta kan zana tukunya tun tana da danshi. To, kek ba haka ya ke ba. Shi sai ya huce sarai, ciki da waje. In an gasa da yamma, a yi ado da safe. Wanda ya yi gaggawa ya shafa wa kek mai ɗumi, ya yi asarar sukarinsa.

Da fari a yanke tozon da ya taso a bisa, a kife kek ɗin, gindinsa ya zama fuskarsa, gama gindin ya fi lafewa. A kakkaɓe ɓurɓushi. Sa'an nan a yi shafe na farko, siriri ƙwarai, wanda har ana hango kek ta cikinsa. Aikinsa shi ne ya kama ɓurɓushi ya toshe ramuka. A bar shi ya sha iska. Bayan nan a yi shafe na biyu mai kauri. A fara da bisa, a gangaro gefe. A riƙe wuƙa tsaye wuri ɗaya, a riƙa juya tiren. In kirim ɗin bota ne, a tsoma wuƙa cikin ruwan zafi, a goge, a bi ta kai sau ɗaya, zai yi santsi.

Duk wanda ya taɓa kallon magini yana yaɓe ya san wannan. Ba a yi wa bango zane sai yaɓe ya daidaita.

7. INA A KE SAMO ZANE?

Ga inda mutane da yawa ke kakarewa. Sai mace ta gama shafe, ta tsaya da leda a hannu, ta rasa abin da za ta zana. Daga nan sai ta ɗauko waya, ta nemo hoton kek ɗin wata ƙasa, ta ce shi za ta kwaikwaya. Alhali kuwa wancan an yi shi cikin ɗaki mai sanyi, da kayan da ba ta da su, da furen da ba ta taɓa gani da idonta ba. In ya yi kyau ma, na wani ne. Duba hoton waya ba laifi ba ne, ana koyon dabara a ciki. Amma zane, ku fara nemansa a gida.

Bari in ba ku labarin mutum uku.

A ƙasar Faransa an yi wani mai yin kek, sunansa Antonin Karem, wanda ya rasu a 1833. Ɗan talakawa ne. Tun yana yaron kanti a birnin Paris, in ya sami sarari sai ya tafi babban ɗakin karatu ya zauna yana duban hotunan gine-gine, yana kwafa a takarda. In ya koma sai ya gina irinsu da sukari. A 1815 ya buga littafi cike da waɗannan zane-zane. Daga baya har sarakuna ya yi wa girki. Ku lura, ba wurin 'yan'uwansa masu kek ya samo zane ba, wurin magina ya samo.

Ta biyu, ku ciro takardar naira 20, ku juya bayanta. Matar da ku ka gani tana ginin tukunya, ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali. Tun tana yarinya ta koyi gini a wurin 'yar'uwar iyayenta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya kan tara tukwanenta a gidansa don kyaunsu. A can wani Bature maginin tukwane, Maikal Kadu, ya gan su. Da ya buɗe makarantar gini a Abuja ta da, wadda a ke kira Suleja yanzu, Ladi ta shiga a 1954. Ta koyi aiki da na'urar juyi, da sabon irin gashi mai sa tukunya sheƙi. Amma ba ta yar da zanen gidansu ba. Ƙadangare, da kunama, da kifi, da kada, da tsuntsu, duk ta kwaso su ta ɗora bisa sabon aikin. Da wannan ta zaga Ingila da Amurka tana nuna gwaninta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984.

Na uku, a 1958 wasu samari masu koyon zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su ka kafa ƙungiya. Su ka ce za su koyi dabarun Turawa, amma abin da za su zana daga garuruwansu zai fito. Ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya koma ga zanen uli wanda matan Ibo ke yi a jiki da bango. Yau sunansa na cikin manyan masu zane na Nijeriya.

Kek baƙo ne, kamar yadda na'urar juyi ta ke baƙuwa ga Ladi Kwali. A karɓi dabarar, a ɗora mata zanen gida.

To, ina zanen gida ya ke? Ku shiga kasuwar Bena ranar cinta da idon mai nema. Ku tsaya wurin masu ƙorai, ku dubi yadda a ka ƙona musu layi da wuƙa mai zafi. Ku dubi faifai, yadda launi ke kewayawa daga cibiya zuwa baki. Faifai da kek ai siffarsu ɗaya. Ku dubi tabarma, da lefe, da zanen saƙi. Ku dubi hula, da aikin wuyan babbar riga, inda za ku ga aska biyu, da aska takwas, da tambari mai kama da naɗin dodon koɗi. Ku dubi aikin dukawa a jikin kube da titimi. Ku dubi lallen hannun amarya, ku ɗauki siffarsa, ba lallen kansa ba. Wanda ya taɓa zuwa Zariya ko Kano ya ga zanen da magina ke yi a fuskar zaure, ya ga dagi, wanda layinsa ke sarƙewa ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa. Nan ƙasar Zuru kuwa, matan Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun daɗe da yin suna wajen ginin yumɓu, har akwai aikinsu a gidajen ajiye kayan tarihi na ƙasashen waje.

Amma a yi hattara, ba kowane zane ya dace da kek ba. Wasu daga cikin tukwanen nan na bisa kaburbura ne, masu su na girmama su, ba abin buki ba ne. Haka kuma allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani: ana iya koyon tsarin murabba'insa da launinsa, amma ba a rubuta aya ko sunan Allah a bisa abin da za a yanka da wuƙa, ɓurɓushinsa ya zube ƙasa. In ba ku san ma'anar zane ba, ku tambayi tsofaffi kafin ku ɗauka.

8. YADDA A KE ƊAUKO ZANE

Mataki na ɗaya, a duba. A sa ƙwarya ko faifai a gaba, a tambayi kai: wane abu ne ya ke ta maimaituwa? Sau da yawa za a ga abu ɗaya ne tak, ko ɗigo, ko kusurwa uku, ko layi mai lanƙwasa.

Na biyu, a rage. Mai sassaƙa na da wuƙa mai kaifi, ku kuwa sukari gare ku. Kada ku ce sai kun kwashe duka. Ku zaɓi abu ɗaya na baki, abu ɗaya na tsakiya. Launi biyu sun isa, uku in ya yi yawa. Ku bar wa fari wurinsa. Ado in ya cika ya kan zama ƙazanta.

Na uku, a raba fili. A yanko takarda daidai faɗin kek. A ninka ta biyu, a sake ninkawa, a sake. In an buɗe za a ga kashi takwas daidai wa daida. In kashi shida a ke so, a auna zare daga cibiya zuwa baki, sa'an nan a riƙa miƙa wannan awon daga wuri zuwa wuri a bakin da'irar, sau shida zai komo inda ya fara. Na gefe kuwa, ku sani kewayen da'ira ya ninka faɗinta sau uku da ɗan ɗoriya. Kek mai faɗin inci 8, kewayensa wajen inci 25 ne. In an yi haƙori 24, kowanne ya ɗara inci ɗaya kaɗan, kowane kashi na takwas ɗin ya sami uku.

Na huɗu, a zana da fensir a takardar, a ɗora ta bisa kek bayan shafe ya bushe, gefen da ba fensir yana ƙasa. A bi layin da tsinke ana huda ƙananan ramuka. A ɗauke takarda. Ga hanya ta fito, saura bi.

Na biyar, a zuba ado cikin leda, kada ya wuce rabi. A tura shi kusurwa, a murɗe bayan, a yanke bakin kaɗan. Hannun dama na matsawa, na hagu na jagora. Kada bakin leda ya riƙa jan ƙasa. A taɓa, a ɗaga kaɗan, a bar zaren sukari ya kwanta da kansa, a sauke inda a ke son tsayawa. In ɗigo a ke so, a matsa, a daina matsawa, sa'an nan a ɗaga. A fara gwadawa a bayan faranti, a kwashe, a sake. Da koyo a kan iya.

Ga wata hanya mai sauƙi ga wanda hannunsa ke rawa. A ninka takarda, a yanyanke ta da almakashi, a buɗe, a ɗora bisa kek, a barbaɗa garin koko ta rariya, a ɗaga takardar a hankali. Zane ya fito ba tare da leda ba.

9. RUBUTU

Yawancin masu ba da aiki su kan so a rubuta wani abu: Barka da Salla, ko Barka da Kirsimeti, ko sunan ango da amarya. A sa mai aikin ya rubuta sunan a takarda, ko a rubuta a karanta masa ya yarda. A ƙirga baƙaƙen, a nemo na tsakiya, a fara daga nan, don kada fili ya ƙare a matse na ƙarshe. A kula da masu ƙugiya. Bari daban, ɓari daban. Kafa daban, ƙafa daban. Kuskuren littafi a kan goge shi, na kek kuwa sai jama'ar buki duk sun karanta.

10. KAI KAYA DA LISSAFI

A bar ado ya kwana ya bushe. A sa cikin kwali wanda ya fi kek tsawo, a shafa ɗan ado a tire kafin a ɗora kek don kada ya zame. A tafi da shi da sassafe, a riƙe a hannu, ba a ɗaure bayan babur ba. A gida kuwa a ɗora tiren bisa kwano, kwanon cikin faranti mai ruwa, tururuwa ba ta ƙetarewa.

Sa'an nan a yi lissafi kafin a yanka kuɗi. A rubuta fulawa, da sukari, da bota, da ƙwai, da gawayi, da kwali, da kuɗin mota. A ce misali duka sun tashi naira 9,000, an sayar 10,000, an kuwa yi kwana biyu ana aiki. Watau ladan yini naira 500 ke nan, in kuma kek ɗaya ya ƙone, ribar guda tara ta tafi. Wahalarku ma kuɗi ce, zanenku ma kuɗi ne. Ku sa su cikin lissafi. A kuma karɓi kuɗin kaya tun kafin a kunna wuta.

Ƙorai da fayafai suna ta raguwa a ɗakunan mata, roba ta maye wurinsu. Tsofaffin da su ka san sunan kowane zane su ma suna ta tafiya. Wanda ya kwafi zane ɗaya a littafinsa, ya tambayi sunansa ya rubuta, ya sami jari, ya kuma ajiye wa jikokinsa abu.

TAMBAYOYI

1. Don me kek na farko ya lalace a hanya?
2. Wane irin ado ya fi dacewa da bazara? Don me?
3. In bota giram 125 ce, garin sukari giram nawa za a sa?
4. Faɗi abu huɗu da ba a sa wa kek don launi.
5. Me Ladi Kwali ta koya a makaranta, me kuma ta zo da shi daga gida?
6. Yaya a ke raba fuskar kek kashi takwas?
7. In kaya sun ci naira 9,000, kuna son ladan naira 2,000 kowane yini, aikin kuwa na kwana biyu ne, nawa za ku sayar?

AIKIN GIDA

Kowa ya nemo tsohuwar ƙwarya, ko faifai, ko hula a gidansu. Ya kwafi zane ɗaya a littafinsa. Ya tambayi wanda ya fi kowa shekaru a gidan sunan zanen, da wanda ya yi shi, ya rubuta a ƙarƙashi. Ran aji mai zuwa a zo da littafi, da faranti, da leda. Za mu dama garin rogo mu gwada hannu da shi, kafin mu taɓa sukari.